Tsofaffin ɗaliban ABU Zariya: ban da jerin sunaye, me suka mayar wa makarantar?

Dan_Samaru82:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tun shekaranjiya ake ta yawo da wani jerin sunaye a waya, wai manyan mutanen da Jami'ar Ahmadu Bello ta yaye. Ga shugaban ƙasa, marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa. Ga mataimakan shugaban ƙasa, Atiku Abubakar da Namadi Sambo. Ga alƙalan alƙalai irin su Mahmud Mohammed da Ibrahim Tanko Muhammad, ga Sanusi Lamido da ya riƙe Babban Banki, gwamnoni da ministoci kuwa ba a magana. Kowa na turawa yana buga ƙirji. Ni ma na tura, ba zan ɓoye ba. Amma da na kwanta sai abin ya tsaya mini a rai. Duk wannan tarin manya, me suka mayar wa makarantar da ta yi su? Manyan kyaututtukan da na ji an yi mata a 'yan shekarun nan na Ɗangote ne da na Abdussamad Rabi'u, kuma ba wanda ya zauna a ajin Samaru a cikinsu. Ko dai akwai abin da ban sani ba? A fahimtar da ni, ba da faɗa na zo ba.

Ummu_Hanan:
Wa alaikumus salam. Wallahi ka riga ni a baki.

AbuZaid_Kongo:
Amma ai Ɗangote ɗan ABU ne, ko? Na ga sunansa a jikin hostal ɗin nan na sabon matsuguni.

Dan_Samaru82:
A'a ƙanina. Azhar ya yi karatu, a Masar. Sunansa na wurin ne domin gidauniyarsa ce ta gina. Gini goma, gadon ɗalibi 2,160, an ce sun ci naira biliyan 1 da miliyan 200, aka buɗe a 2019. Shi kuma Abdussamad ta gidauniyarsa ya ba da naira biliyan 1 a 2021.

Malam_Tsoho_1975:
Ɗana Dan_Samaru, tambayarka tana da kyau, amma ka tsallake mutum ɗaya. Janar T.Y. Ɗanjuma. Lokacin bikin cikar jami'ar shekara 50, a 2012, ya ba da sama da naira biliyan 2. Kuma shi ɗan gida ne ta wata fuska, domin ya yi karatu a tsohuwar kwalejin fasaha da kimiyya ta Zariya kafin ya shiga soja, wadda a kan harsashinta aka ɗora jami'ar a 1962. To ka ga ba a ce babu ba.

Sannan ina so ku yara ku san wani abu. Mu da muka shiga a farkon shekarun 1970, zamanin Farfesa Ishaya Audu, ba mu san wata wahala ba. Abinci sau uku a kafteriya, ranar Lahadi har da kaza. A wanke maka zanin gado. Jiharka ta biya ka alawus, har ka aika wa tsohuwa wani abu a gida. Kafin ka rubuta jarrabawar ƙarshe aiki na jiranka. Idan akwai waɗanda ake bi bashi, mu ne. Ba na cire kaina. Na yi aikin gwamnati shekara 35, ban taɓa sayen ko kujera ɗaya na kai sashenmu ba. Ba rowa ba ce, tunanin ne bai taɓa zo mini ba. An tashe mu a kan cewa makaranta ta gwamnati ce, gwamnati ce za ta yi komai.

Ummu_Hanan:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Kaza ranar Lahadi! Mu da garin kwaki da ƙuli muka yi digiri.

Bakano_BUK:
Ku zo Kano ku ga yadda ake yi. Mu ma Ɗangote ya gina mana makarantar koyon kasuwanci, amma ba mu cika wa mutane kunne da jerin sunaye ba.

Zazzau_Ta_Gode:
Bakano, da girman kujerarka, ka manta BUK 'yar ABU ce? Kwalejin Abdullahi Bayero reshenmu ce kafin ku samu cin gashin kai a 1977. Ɗa ba ya yi wa uwa gori.

Bakano_BUK:
To ai shi ya sa ba za mu bar muku Attahiru Jega, tsohon shugaban BUK, ba. A jerin naku na ga kun saka shi.

Zazzau_Ta_Gode:
Wannan sai a raba shi biyu, kowa ya ɗauki rabi.

Injiniya_Shika:
Tunda an ambaci Jega, bari in shigo da wata magana da ta shafi tambayar Dan_Samaru kai tsaye. Ku zagaya kowace jami'ar gwamnati a ƙasar nan, ku ƙirga gine-ginen da aka yi cikin shekara 20 da suka wuce. Mafi yawansu za ku ga tambarin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, a jiki. Wannan asusu daga ina ya fito? Daga yajin aikin malaman jami'a na 1992, lokacin Attahiru Jega na shugaban ASUU. Su suka kawo shawarar a ɗora wa kamfanoni harajin ilimi, aka kafa dokar a 1993 da kashi 2 cikin ɗari na ribar kamfani, daga baya aka mai da shi TETFund a 2011. To ku gaya mini, wanda ya yi silar wannan da wanda ya gina hostal ɗaya, wa ya fi ba da gudummawa? Ba sai mutum ya ciro daga aljihunsa ba ne kawai ake cewa ya taimaka.

Dan_Samaru82:
Injiniya wannan magana ce. Amma ka ga ka ƙara ƙarfafa tawa. Malamai ne suka yi wannan da yunwa da riƙe albashi, ba masu riƙe da madafun iko ba.

Injiniya_Shika:
Ba duka ba. Cibiyar nan ta Babban Banki da ke Samaru, wadda Buhari ya buɗe a 2019, ana kan aikinta tun zamanin Sanusi a bankin.

Hajiya_Lauya:
Injiniya, a nan zan saɓa maka. Kuɗin Babban Banki ba kuɗin gwamnan banki ba ne, kuɗin jama'a ne. Idan mutum yana kan kujera ya karkato aiki zuwa tsohuwar makarantarsa, za mu iya cewa Allah ya saka, amma ba kyauta ba ce. Kyauta ita ce abin da ka ciro daga guminka. Mun saba haɗa biyun nan, shi ya sa gwamna zai gina ɗakin taro da kuɗin jiha a liƙa sunansa, a ba shi digirin girmamawa a bikin yaye ɗalibai na gaba. Ni a harabar ABU ta Kongo na yi karatun lauya, kuma ina alfahari da wurin, amma gaskiya ɗaya ce.

Injiniya_Shika:
Na karɓi gyara Hajiya, amma rabi. Da ya kai aikin wani wuri fa, da yanzu muna cewa ya manta gida.

Manomi_Mai_Digiri:
Ni kam duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Kuna ta neman abin da aka mayar wa makaranta, alhali ita makarantar ba don kanta aka kafa ta ba. Sardauna bai gina ta don a riƙa yi mata kyauta ba, ya gina ta don ta yi wa Arewa aiki. To ku zo gona ku gani. Irin masarar da muke shukawa SAMMAZ, wake SAMPEA, dawa SAMSORG, gyaɗa SAMNUT, auduga SAMCOT. Wannan SAM ɗin da ke gaban kowane suna Samaru ke nan. Cibiyar binciken aikin gona ta IAR ce ke fitar da su, kuma ita ta girmi jami'ar ma, tun 1922 ake gwajin iri a wurin. Waken nan SAMPEA 20-T da aka fitar a ƙarshen 2019, wanda tsutsar da ke huda kwanson wake ba ta cin sa, Farfesa Mohammad Faguji Ishiyaku ne ya jagoranci aikin. Na san akwai masu ƙyamar irin da aka sarrafa ƙwayar halittarsa, wannan muhawara ce ta wata rana. Amma ni na shuka, feshi biyu na yi maimakon shida ko bakwai da na saba. Ga kajin Shika Brown na NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta jami'ar. Mutanen da suka ƙare rayuwarsu a kan waɗannan abubuwa, yawancinsu nan suka yi karatu, nan suka koyar, nan suka tsufa. Ko ɗaya daga cikinsu ban gani a jerin da ake yawo da shi ba. Jerin na masu jiniya ne kawai.

Ummu_Hanan:
"Jerin masu jiniya." Na ɗauka, sai na yi amfani da ita.

Malam_Tsoho_1975:
Manomi ya tuna mini wani abu. Idan ana maganar masu ba da gudummawa, na farko a ABU ba attajiri ba ne. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta kafa ta, kuma ita da jihohin da suka gaje ta suka riƙe ta kafin ta koma hannun tarayya a 1975. Kuɗin gwamnatin Arewa kuwa daga ina? Gyaɗa, auduga, fatu da ƙiraga, haraji da jangali. Wato manomin da bai taɓa shiga aji ba da Bafulatanin da aka ƙirga wa shanu, su suka biya mana kazar Lahadin nan. Babu gini ko ɗaya da sunansu.

Dan_Samaru82:
Baba wannan ta taɓa ni wallahi.

Sadauki_Gusau:
Ku yi haƙuri in faɗi dalilin da ya sa wasunmu ba sa bayarwa. Ni ba ABU na yi ba, wata jami'a ce daban, ba zan kira suna ba. Na samu gurbin ƙaro karatu a waje, ana buƙatar a aiko da takardar sakamakona kai tsaye daga makaranta. Wata bakwai ina zarya. Yau a ce fayil ya ɓata, gobe a ce mai sa hannu ya tafi ta'aziyya, jibi a ce ba wuta. Har gurbin ya wuce ni. Bayan shekara uku sai ga saƙo wai ƙungiyar tsofaffin ɗalibai na neman gudummawar gina sakatariya. Na karanta na yi dariya na goge. Makarantar da ta wulaƙanta ka kana ɗalibi, ta wulaƙanta ka bayan ka gama, da wane ido za ta dube ka ta ce kawo?

Hajiya_Lauya:
Sannu Sadauki, Allah ya musanya maka da mafi alheri. Wannan ciwo ne da ke damun mutane da yawa. Turawa da muke ta misali da su, tun yaro na aji ɗaya suke lallashinsa, don sun san watarana shi ne mai bayarwa.

Dr_Kubanni:
Tunda an zo kan Turawa. Harvard da ake ji, sunan wani malamin coci ne, John Harvard, wanda ya rasu a 1638 ya bar wa makarantar rabin dukiyarsa da littattafai kusan 400. Yau asusun ajiyarta ya haura dala biliyan 50. Abin lura shi ne ba sa cin uwar kuɗin. Juya ta ake yi, a ci wani ɗan kaso na riba duk shekara, uwar tana nan tana ƙaruwa. Mu kuwa in an ba da kyauta sai a zuba ta a bulo da siminti, a yanka kirtani, a watse. Bayan shekara biyar famfo ya lalace, rufi na yoyo, ba a ware ko sisi na gyara ba, mai kyautar kuma ya yi gaba. Ni da za a ji tawa, duk wanda zai gina hostal a ce ya ajiye wani kaso a gefe na kula da shi.

Almajirin_Malam:
Likita, Allah ya gafarta, ba sai mun je Amurka aro ba. Abin da ka siffanta shi ne waƙafi, kuma namu ne tun fil azal. Alƙarawiyyin da ke Fas a Maroko, mace ce ta gina ta da gadonta, Fatima al-Fihri, a shekara ta 859. Azhar ta yi ɗaruruwan shekaru tana rayuwa a kan waƙafi, gonaki da shaguna da gidajen haya. Hadisin nan kowa ya haddace shi, idan ɗan Adam ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Wanda ya ɗauki nauyin karatun ɗalibin likita, ai ya haɗa biyu a ciki. Amma attajiranmu sun ɗauka lada a masallaci kawai yake. Layi ɗaya masallaci huɗu, makarantar unguwa ba rufi.

Bakano_BUK:
Malam a yi a hankali, kar a ce ka hana gina masallaci.

Almajirin_Malam:
Ban hana ba, Allah ya tsare. Na ce a raba ƙafa.

Yar_Amina_Hall:
Ni ina da labari, ko da bai kai na biliyoyi ba. Ina aji uku mahaifinmu ya rasu. Na riga na haɗa kayana zan koma gida, don ko kuɗin rajista babu. Akwai wata baiwar Allah mai sayar da abinci a kasuwar cikin makaranta, tuwo da miyar kuka da shinkafa da wake. Ta lura kwana biyu ban zo ba, ta aika a kira ni. Ta ce in riƙa zuwa ina ci, in na fara aiki na biya. Shekara ɗaya da rabi ina ci a wurinta, ba ta taɓa rubutawa ba. Rajista kuma wani malaminmu ne ya biya, sai bayan na gama na san shi ne, ta bakin sakatariyar sashe. Da na fara ɗaukar albashi na je da kuɗi a ambulan, matar nan ta ƙi karɓa, ta ce akwai wata yarinya 'yar aji biyu da ke cikin irin halin da na shiga, in je in biya mata. Haka aka yi. Yanzu shekara tara ke nan duk zango ina biya wa ɗaliba ɗaya. Ba na faɗa don a yaba mini ba, sunana ma ba wanda ya sani a nan. Ina so Yaya Dan_Samaru ya san akwai masu mayarwa, ba a dai buga su a jarida.

Ummu_Hanan:
Allahu Akbar. Allah ya saka wa wannan uwa da Aljanna.

Malam_Tsoho_1975:
Amin. 'Yata, kin ba ni kunya a gaban jama'a, kuma na gode.

Dan_Samaru82:
Allah ya ƙara buɗi 'yar'uwa. Ban musa akwai irinku ba. Amma ki duba, ke mai albashi kina ɗauke da ɗaliba ɗaya. Wanda ya yi gwamna shekara takwas fa, nawa ya kamata ya ɗauka? Tambayata ke nan tun farko.

Tarihi_Madubi:
Akwai wani rukuni da ba a taɓo ba, baƙin da suka zo daga nesa suka ba da rayuwarsu. Shugaban jami'ar na farko, Norman Alexander, mutumin New Zealand ne, shi ya sa ake da hostal mai sunansa. Abdullahi Smith Bature ne ɗan Ingila, ya musulunta, ya gina sashen tarihi, ya kafa Arewa House a Kaduna a 1970 a gidan Sardauna. Shi da ɗalibansa suka bi gari gari suna tattara rubuce-rubucen Larabci da ajami na malaman jihadi, a lokacin da wasu ke cewa Afirka ba ta da rubutaccen tarihi. Daga wannan makaranta Dokta Yusufu Bala Usman ya fito, wanda har ya rasu a 2005 bai bar Zariya ya bi kujera ba. Sai Patrick Wilmot, mutumin Jamaika, ya koyar da ilimin zamantakewa shekara 18, gwamnatin Babangida ta ɗauke shi ta fitar da shi daga ƙasar a 1988. Kowa ya zauna a ajinsa ya san abin da ake nufi da malami mai sa ɗalibi tunani. Har ɗakin wasan kwaikwayon nan na ginin laka da ke Samaru, wani Ba'amurke mai zanen gini ne, Steven Ehrlich, ya tsara shi da salon ginin Hausa, magina na gargajiya suka ɗora.

Zazzau_Ta_Gode:
Gyara kaɗan Malam Tarihi. Bala Usman ya taɓa riƙe sakataren gwamnatin Kaduna zamanin Balarabe Musa, gwamnatin PRP.

Tarihi_Madubi:
Gaskiyarka, na yi tuya na manta albasa. Ya riƙe, amma ya dawo aji, kuma a aji ya ƙare. Abin da nake nufi ke nan.

Mai_Zane_Zx:
Kar a manta da masu zane don Allah, kullum mu ake bari a baya. Ƙungiyar masu zane ta Zariya da ɗaliban tsohuwar kwalejin da ta zama ABU suka kafa a 1958, irin su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, ita ta canza alƙiblar zane a Najeriya gaba ɗaya. Sun ce ba za su kwaikwayi Turawa ido rufe ba, za su haɗa da na gida. Duk wanda ya karanta tarihin zanen Afirka a ko'ina a duniya sai ya ci karo da sunan Zariya. Kuma ku lura, yawancinsu 'yan kudu ne. Wannan ma wani abu ne da ABU ta yi wa ƙasa. Donald Duke daga Kalaba ya zo ya yi lauya a nan. Uban jami'ar ma an naɗa Obi na Onica a 2015.

Issoufou_Maradi:
Salam 'yan'uwa, ni daga Nijar nake, na yi digiri na biyu a fannin noma a Samaru. Mu da yawa ne a Maraɗi da Damagaram da muka sha ruwan Zariya. In za ku yi wani tsari na taimako ku sa da mu, sefa ma kuɗi ce.

Bakano_BUK:
Yanzu ma ta fi naira kwarjini, ranka ya daɗe.

AbuZaid_Kongo:
Tambaya daga gefe. Su waɗanda ake ba digirin girmamawa, ana lissafa su cikin tsofaffin ɗalibai?

Hajiya_Lauya:
A al'adar jami'o'i ana ɗaukarsu 'yan gida, amma ba ɗaya suke da wanda ya zauna jarrabawa ba. Kuma su ma kala biyu ne. Akwai wanda jami'a ke ɗaukaka shi, akwai wanda shi ke ɗaukaka jami'ar. ABU ta ba Mandela tun yana kurkuku a shekarun 1980, ba ta jira ya zama shugaban ƙasa ba. Ta ba Mamman Shata a 1988, mutumin da bai yi boko ba, don ta yarda abin da ke bakinsa ilimi ne. Waɗannan ba don kuɗi aka ba su ba. Kwatanta da abin da ake yi yanzu a wurare da dama, inda hula da alkyabba suka zama kamar rasit.

Malam_Tsoho_1975:
Ranar da aka ba Shata ina Zariya. Garin ya cika ya batse, har da mutanen da ba su taɓa taka ƙofar jami'a ba.

Kwamared_Aluta:
Ni duk wannan zance na kyauta ban yarda da shi ba. Ilimi haƙƙi ne, ba sadaka ba. Ranar da muka yarda cewa attajirai da tsofaffin ɗalibai ne za su riƙe jami'a, ranar gwamnati za ta ƙarasa zare hannunta. A 1978 kan ƙarin kwabo 50 a kuɗin abinci ɗalibai suka fito, zanga-zangar nan ta neman Kanar Ahmadu Ali ya sauka, aka rasa rayuka a Samaru. Yau an ninka kuɗin makaranta a ko'ina, an ce a je a ci bashin NELFUND, asusun ba ɗalibai rance. Su manyan da ke jerin, ba kuɗinsu muke so ba. Lokacin da suke kan kujera, kasafin ilimi nawa suka ware? Wannan ita ce tambayar.

Injiniya_Shika:
Kwamared, to kafin gwamnati ta gyaru, yarinyar da 'Yar Amina ke biya wa ta zauna a gida?

Kwamared_Aluta:
Ban ce haka ba. Na ce kar a bari tausayi ya rufe bin haƙƙi.

Dr_Kubanni:
Biyun ba sa karo. Ko a shekarun 2000 da gidauniyoyin MacArthur da Carnegie na Amurka suka tallafa wa ABU, ba albashi suka biya ba. Intanet, ɗakin karatu, tura malamai ƙaro ilimi, irin abubuwan da kasafin gwamnati ba ya kaiwa. Haka kuɗin kyauta ya kamata ya zama, miya a kan tuwo, ba tuwon ba.

Maman_Sadiq:
Ni matsalata amana ce. 'Yan ajinmu na wata makaranta, ba ABU ba, mun taɓa haɗa kuɗi don gyara ɗakin gwaje-gwaje. Mutum kusan 60, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa. Aka damƙa wa kwamiti. Abin da muka gani shi ne liyafar cin abinci a otal, da kalanda mai hotunan shugabanni. Da aka nemi bayani sai zauren ya koma faɗa, aka fara cire mutane. Tun daga nan in zan taimaka, da kaina nake sayen abin in kai, in ga an sa hannu an karɓa.

Yar_Amina_Hall:
Haka nake yi ni ma Maman Sadiq. Kai tsaye nake biya ta shafin rajista, ɗalibar ta turo mini shaida. Kuɗi ba ya bi ta hannun kowa.

Dan_Samaru82:
To jama'a, na ƙaru. Ɗanjuma ban san da nasa ba, na janye "babu" ɗin da na yi niyyar faɗa. Maganar Manomi da ta Malam Tarihi ma sun sa na sake duba jerin, na ga lallai masu jiniya ne zalla. Amma har yanzu ba wanda ya kawo mini sunan tsohon gwamna ko minista ɗaya daga cikinsu da ya kafa asusun tallafin karatu mai ɗorewa da kuɗinsa a jami'ar. In akwai a faɗa, zan yi murna.

Zazzau_Ta_Gode:
Wataƙila suna yi a ɓoye kamar malamin 'Yar Amina.

Hajiya_Lauya:
Ɗan siyasa ya yi alheri a ɓoye? Wanda in ya raba buhun shinkafa sai ya buga hotonsa a jiki?

Malam_Tsoho_1975:
Ku bar su. Ni dai na yi magana da abokaina uku da muka gama tare, biyu sun amsa, ɗayan bai riƙe waya sosai yanzu. Fanshonmu ba yawa, amma in muka haɗa zai biya wa yaro ɗaya ko biyu. Kuma ina da littattafan ilimin ƙasa kwali huɗu da ƙura ke ci a ɗaki. 'Yata ta Amina Hall, ki yi mini bayanin yadda kike gano ɗalibin da ya cancanta, kar mu faɗa hannun 'yan damfara.

Yar_Amina_Hall:
To Baba. Ta wurin malamin da ke kula da ajin nake bi, shi ya san wanda bai yi rajista ba da dalili. Zan turo maka bayani ta akwatin sirri in na tashi daga aiki.

Dr_Kubanni:
Baba littattafan na wace shekara ne? In sun tsufa sosai ɗakin karatu na Kashim Ibrahim ba lallai su buƙace su ba, gara a tambayi sashen tukuna.

Malam_Tsoho_1975:
Sun girme ka, likita. Amma duwatsun Kufena ba su canza ba tun lokacin.

Manomi_Mai_Digiri:
Dan_Samaru, in za ka shiga Samaru ranar Asabar ka biya ta IAR ka tambayar mini ko irin waken ya iso, damina ta matso.

Dan_Samaru82:
Asabar ba sa buɗewa. Sai dai Litinin in Allah ya kai mu. Mudu nawa?